Yadda Za Ka Gano Abin da Ke Damun Gwiwarka

A Jos, kowane ciwon gwiwa sunansa "sanyi". Hunturun Disamba ya kankama, dattijo ya miƙe daga sallar Asuba yana dafa bango, sai a ce sanyi ya shige shi. Sanyin kan tayar da ciwo, amma ba shi ne mafari ba. Kafin ka nufi kemis, bi ta nan.

Da farko, tuna yadda abin ya soma. In a filin ƙwallo ka murɗe, ka ji "ƙas", gwiwar ta kumbura kafin dare, wataƙila jijiya ce ta yage ko guringuntsi. Huta, naɗe ƙanƙara a tawul ka ɗora minti 15 zuwa 20, sau uku ko huɗu a yini. Kada a ja ta, kada a murza, sai likita ya duba.

Sannan lura da lokacin da yake tashi. Wanda ya haura 50, gwiwarsa ta sage da safe amma ta saki kafin rabin awa, tana ƙara wajen gangarowa daga tudu ko tashi daga tsuguno, galibi guringuntsin ne ya cinye. Ƙiba na cikin manyan masu laifi: kowane kilo ɗaya da ka ƙara, gwiwa na jin kusan huɗu in kana tafiya. To, ina ga mai dakon buhu a kasuwar Farin Gada?

Na uku, taɓa ta. Ta yi zafi rau, ta kumbura, ga zazzaɓi, ba ka iya takawa? Asibiti yau, JUTH (Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos) ko mafi kusa, don ƙwayar cuta kan lalata gaɓa cikin kwanaki. In kuma a dare ɗaya ciwon ya turnuƙe ka, ga ka da son kayan ciki da jan nama, a auna jini a duba gawut, wato ciwon gaɓa da taruwar sinadarin uric acid a jini ke kawowa.

Batun magani, ni ban yarda da "haɗi" na leda ba, tunda ba ka san abin da ke ciki ba. Ko ibuprofen da diclofenac, in aka ɗore musu, suna jawo gyambon ciki, suna taɓa ƙoda.

In ciwon ya lafa, ƙarfafa cinya. Kwanta rigingine, lanƙwasa ƙafa ɗaya, miƙe mai ciwon ka ɗaga ta kamar taƙi guda, ƙirga biyar, ka sauke a hankali. Sau 10, safe da yamma. In sujada ta gagara a kwanakin nan, jawo kujera.