Darasi na 9: Shekara-shekara

Iyayena da yayyena, yau kalmar da za mu koya ba baƙuwa ba ce, kullum muna faɗinta da baki, sai dai a kan takarda ne take ba mutane wahala. Ku fara karanta ta gaɓa-gaɓa: she-ka-ra. Gaɓa uku kenan. To sai a maimaita ta a sa ɗan layin nan a tsakiya wanda ake kira karan ɗori, ta zama shekara-shekara. Ma'anarta abin da ake yi sau ɗaya duk shekara, in shekara ta zagayo a sake yi, ta sake zagayowa a sake yi. Haka muke cewa wata-wata da mako-mako, adashi ai kun san shi, wani na mako-mako ne wani na wata-wata.

In abin namiji ne ko jam'i sai a ce "na", in mace ce a ce "ta". Taro na shekara-shekara, jarrabawa ta shekara-shekara, bukukuwa na shekara-shekara. Ku haɗa da 'yan uwanta da suke tafiya tare: bana, bara, bara waccan, baɗi. Amma shekaranjiya ba ta cikinsu fa, ita kwana biyu ne kawai da suka wuce.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe ido sosai, wato kuɗin haya. A nan Jos, ko ɗaki ne a Unguwar Rogo ko shago a Terminus ko Farin Gada, yawanci shekara-shekara ake biya, kuma wallahi abin yana yi min ciwo in ga dattijo mai sana'arsa ya dangwala yatsa a takardar yarjejeniya bai san me aka rubuta ba, sai rigima ta tashi a ce ai ga hannunka nan. In an miƙo maka rasit, nemi abu uku da idonka: nawa ne kuɗin, daga wace rana ya fara, wace rana zai ƙare. In ka shiga ranar 1 ga Maris, shekararka tana cika ne ƙarshen Fabrairun baɗi, ba ƙarshen Disamba ba, kada wani ya zo maka a Janairu ya ce an shiga sabuwar shekara kawo kuɗi. Shekarar haya daga ranar da aka rubuta take farawa.

Kuma tunda kun san zai dawo, me zai sa a jira sai mai gida ya buga ƙofa? A ce hayar shagonki Hajiya naira 120,000 ce. Shekara wata 12 ce, raba, naira 10,000 kenan duk wata. In wata-wata ya yi miki nauyi ki riƙa ware 2,500 duk mako, a mako 48 kuɗin ya cika, shekara kuma mako 52 ce, kin ga har da sauran wata guda na hutawa. Wannan lissafin shi ne amfanin gane kalmar, ba wai iya karanta ta kawai ba.

Masu mota da Keke Napep, takardun abin hawa da inshora na shekara-shekara ne, akwai ranar ƙarewa a jiki, ku duba. Amma lasin tuƙi ba haka yake ba, shi na shekara 3 ne ko 5. Zaɓen shugaban ƙasa da na gwamna duk bayan shekara 4 ne, kuɗin makarantar yara kuma zango-zango ne, sau uku a shekara. Ba komai ne da ke dawowa ake ce wa na shekara-shekara ba.

Wani wuri mai haɗari shi ne takardar rance. Kashi 5 cikin 100 a wata daban, kashi 5 cikin 100 a shekara daban. Na farkon in ka tara wata 12 ya zama kashi 60, wato a kan naira 100,000 za a nemi ƙarin 60,000, na biyun kuwa 5,000 ne. Kalma ɗaya ce ta raba su. Ni dai shawarata a guji bashin ruwa gaba ɗaya, amma ko ba za ka ci ba ka iya karantawa, domin ka fahimtar da ɗanka ko maƙwabcinka.

Sai kuma tambayar da ake yawan yi a aji, wace shekarar? Don muna da biyu. Ta boko, Janairu zuwa Disamba, kwana 365 ce, duk bayan shekara 4 Fabrairu ya ƙara kwana ɗaya. Ta Musulunci, Muharram zuwa Zulhajji, kwana 354 ce ko 355, ta gaza waccan da kusan kwana 11. Shi ya sa Kirsimeti kullum 25 ga Disamba, bikin samun 'yancin kai da aka samu a 1960 kullum 1 ga Oktoba, amma azumi da Sallah suna matsowa, wani lokaci mu yi sahur cikin sanyin Jos ɗin nan mai shiga ƙashi, bayan wasu shekaru kuma mu sha ruwa ana tsuga ruwan sama. Zakkar kuɗi da kayan kasuwa da shekarar Musulunci ake ƙirga ta, in dukiya ta kai nisabi ta shekara a hannunka ka fitar da ɗaya cikin 40. Ta amfanin gona ba ta jiran shekara, ranar girbi ake fitarwa.

Aikin gida

Ku rubuta shekara-shekara sau biyar a littafinku, kar a manta karan ɗori.

Ku cike gurbi da "na" ko "ta": gasar karatu ___ shekara-shekara, wa'azi ___ shekara-shekara.

In hayar ɗaki naira 84,000 ce a shekara, nawa za a riƙa warewa duk wata?

Sannan kowa ya binciko rasit ɗaya a gidansa, na haya ko na mashin ko na shago, ya zo da shi aji mako mai zuwa mu nemo ranar ƙarewarsa tare.