Kafin ka buɗe kamfani da abokinka, ku fara yin maganar da kuke jin nauyinta

Mu uku muka fara, a 2021, manhaja ce ta kai kaya daga 'yan Kantin Kwari zuwa kwastomominsu a cikin Kano. Ni ina yawon shaguna, ɗaya yana rubuta manhajar, ɗaya kuma shi ya kawo kuɗin babura biyu na farko. Tun sakandare muke tare, toh wa zai ɗauko maganar takarda? Ranar da na ɗan taɓo zancen sai ɗayanmu ya yi dariya yace haba malam ai mu 'yan uwa ne, kashi uku kawai za'a raba. Wata biyar da farawa mai rubuta manhajar ya samu aiki a Abuja ya tafi, kuma wallahi ban ga laifinsa ba, aure ne a gabansa. Matsalar sai bayan shekara ɗaya ta fito, da wani mai son zuba jari ya tambaye mu waye da waye ke da kamfanin, muka ce ai akwai na ukunmu yana Abuja da kashi ɗaya bisa uku, mutumin ya rufe littafinsa yace zai neme mu. Har yau yana nemanmu.

Don haka abu na farko, ku rubuta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, akan rubuta bashi ta sauka, amma mu sai a ce rubutu rashin yarda ne. Ku yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, a matsayin kamfani mai hannun jari, ba rajistar sunan kasuwanci kawai ba, sannan ku samu lauya ya rubuta muku yarjejeniya tsakaninku. Abin da za ku nace ya shiga ciki shine kason kowa ba ranar farko yake zama nasa ba, a hankali yake nuna kamar 'ya'yan itace. Tsarin da aka fi bi a duniyar kamfanonin fasaha shekara 4 ne: wanda ya tafi kafin ya cika wata 12 ba shi da komai, yana cika shekara ya mallaki rubu'in kasonsa, sauran kuma yana shigowa wata-wata har wata na 48. Kaga idan an ware maka kashi 30 ka tafi bayan shekara biyu, 15 ne naka, sauran ya koma wa kamfani a nemo wanda zai ci gaba da aikin. Da mun yi haka da abokinmu ya tafi salin alin kuma har yanzu muna gaisawa ba tare da kowa yana kallon ƙasa ba.

Apple ma su uku suka fara a 1976, na ukun Ronald Wayne yana da kashi 10, ba'a yi sati biyu ba ya janye ya karɓi dala 800. Mutane suna ba da labarin don su ce ya yi asara, ni kuma abin da nake gani shine akwai takardar shiga akwai ta fita, shi yasa ba'a yi rigima ba. Facebook kuwa sai da Mark Zuckerberg da Eduardo Saverin suka kai juna kotu akan kaso.

Sai maganar wa ke yanke hukunci. Ba'a sarki biyu a gari ɗaya, kuma wannan abin na mu duka shugabanni ne ƙarya ce da ke daɗi a wata na farko kawai. Ku raba fili: manhaja ta wane ce, kasuwa da kwastoma na wane ne, kuɗi wa ke riƙewa, in an yi ta musu an kasa daidaitawa maganar wa ce ta ƙarshe. A Apple ɗin nan, cikin biyun da suka rage, Steve Wozniak ne ke ƙera kwamfutar, Steve Jobs ke sayarwa. Asusun banki kuma na kamfani daban, kar kuɗin kwastoma ya riƙa faɗawa akawun ɗinka da kake cefane da shi, ko kai waliyyi ne wata rana lissafi zai rikice a fara kallon-kallo.

In kai aka ba shugabancin, ka sani aikin da kowa ke gudu naka ne. Masu Airbnb, manhajar da matafiya ke kama hayar ɗaki a gidajen mutane, a 2009 da kansu suka je New York suna bi gida-gida suna ɗaukar hoton ɗakunan masu haya saboda hotunan da ake sakawa ba kyau. Ni sai da na hau bayan babur na yini da yaronmu ɗaya cikin ranar watan Afrilu, daga Kwari zuwa Hotoro zuwa Rijiyar Zaki, sannan na gane dalilin da kaya ke makara: adireshin da kwastoma ke rubutawa "bayan masallaci" ne, sai yaro ya kira sau huɗu da katinsa. Wata uku ina yi musu faɗa a gurup akan abin da ba laifinsu ba. Gyaran bai fi ƙara wuri ɗaya a manhaja ba inda kwastoma zai tura lokeshan.

Wannan faɗan gurup ɗin ma a daina. Yabo a gaban jama'a, gyara kuma ka ja mutum gefe ku biyu, in ka tsinka shi a WhatsApp gaban na ƙasa da shi ba zai ce komai ba amma daga ranar aikin ganin ido zai riƙa yi maka.

Mummunan labari kuma daga bakinka ya kamata a fara ji. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, na san albashin watan gaba ba zai cika ba amma na yi gum ina jiran ikon Allah, sai ranar 30 ga wata na fara kame-kame. Biyu suka ajiye aiki, ɗaya yace min ba kuɗin ne ya ɓata masa rai ba, da na faɗa tun farkon wata da ya san yadda zai yi da mai gidan haya. Yanzu duk Litinin da safe muna zama na minti 20 a tsaye, kowa ya faɗi abin da ya gama da abin da ya maƙale, ni kuma in faɗi nawa ne a asusu da wata nawa zai kai mu.

Ɗaukar dangi aiki, hmm. Hajiya za ta kira ka akan ɗan yayarka da ya gama digiri yana zaune, kuma ba za ka iya cewa a'a kai tsaye ba. Abin da nake yi shine gwajin wata uku a rubuce, aiki takamaimai, kuma ba ni ne ogansa ba, abokin aikina ne zai duba shi ya yanke. In bai yi ba sai in je gida da kaina in yi wa Hajiya bayani kafin shi ya riga ni kai ƙara.