Yadda Ake Shirya Wasan Kwaikwayon 'Yan Fashin Teku a Garin da Ba Teku

A Turai da Amurka akwai mutanen da suka mayar da kwaikwayon rayuwar 'yan fashin teku na zamanin da abin nishaɗinsu, suna ɗinka tufafi irin na wancan lokaci, suna koyon aikin jirgin ruwa mai tafiya da ƙarfin iska, sannan su nuna wa jama'a. Mu nan Zariya babban ruwanmu bai wuce Galma da Kubanni ba, amma garin da ya san tashe, kuma yake da sashen koyar da wasan kwaikwayo a jami'ar da ke Samaru, ba zai rasa masu iya wannan aiki ba.

Abu na farko shi ne ku zaɓi labari guda na gaskiya ku tsaya a kansa. Shawarata ita ce ku ɗauki na Batalomi Robats, domin a gaɓar tekun Afirka ta Yamma ya faro kuma a nan ya ƙare. Mutumin Wales ne da ke aiki a jirgin fataken bayi, har 'yan fashi suka kama jirgin a Anomabu, cikin ƙasar Ghana ta yau, a 1719, suka tilasta masa shiga cikinsu. Bayan 'yan makonni aka kashe shugabansu, suka zaɓe shi kyaftin. A watan Fabrairu na 1722 jirgin yaƙin Ingila ya ritsa da shi kusa da gaɓar Gabon, harbin igwa ya kashe shi, aka kai mutanensa garin Kef Kos, shi ma cikin ƙasar Ghana ta yau, aka yi musu shari'a, aka rataye 52.

Da labari ya samu, sai a gina jirgi a tudu. Ku nemi shararren fili, kamar harabar makaranta lokacin hutu, ku zana siffar jirgin da toka, tsawonsa kamar taku talatin. A tsakiya a kafa dogon gungumen turare, a ɗaura masa wani a gicciye, a rataya yadin akoko da tela ya haɗa ya yi wa baki, da igiyoyin da za su ɗaga shi su sauke. Ku bari sai damina ta ɗauke, saboda iskar hunturu tana cika yadin ya kumbura kamar na gaske. Sai dai a binne gindin gungumen da kyau, domin na taɓa ganin wanda aka kafa da gaggawa ya kwanta a tsakiyar gwaji, Allah ya kiyaye bai danne kowa ba.

Inda wasan ke samun ransa shi ne aikin yau da kullum, kuma a nan ya kamata ku fi ɓata lokaci. Ma'aikatan jirgi suna karɓa-karɓa ne duk bayan sa'a huɗu, agogonsu kuma kwalba ce mai rairayi wadda ke ƙarewa cikin rabin sa'a. Duk lokacin da rairayin ya zube, sai a juya kwalbar a buga ƙararrawa: bugu ɗaya a rabin sa'ar farko, biyu a na biyu, haka har takwas, sannan masu hutu su tashi su karɓi aiki. Ana haɗa irin wannan agogo da kwalabe biyu baki da baki, a huda murfin da ƙusa, a zuba rairayin da aka shanya aka tankaɗe da rariyar gari. Ku daidaita naku ya ƙare cikin minti biyu, ku danƙa shi ga ƙaramin cikinku tare da ƙararrawar makaranta. Za ku ga yadda yaron zai ƙura wa kwalbar ido, bakinsa a buɗe, yana jiran ƙwayar ƙarshe ta faɗi, masu kallo ma su shiga ƙirga bugun tare da shi. Sauran kuma su koyi jan igiya a tare, mutum ɗaya yana ba da waƙa suna amshi, kamar yadda ake yi a wurin gayya.

Abinci ma a nuna shi yadda yake. Abin da ya riƙe matafiya teku shi ne nama mai gishiri da ke cikin ganga, da busasshen biskit na fulawa da ruwa. Ku kwaɓa fulawa da ruwa kaɗan da ɗan gishiri ta yi tauri, ku murza, ku yanka, ku huhhuda da cokali mai yatsu, ku roƙi mai gidan burodi ya gasa muku a wuta mai sanyi har ya bushe ƙarau. Kada kowa ya gwada shi da haƙori, sai an jiƙa. Rashin ɗanyen ganye da 'ya'yan itace na tsawon watanni shi ke jawo ciwon da ke kumbura dasashi har haƙora su zube, wanda wani likita mai suna Jemis Lind ya gwada maganinsa da lemo a 1747. Giyar da suke sha kuwa, zoɓo a tulu ya wadatar a madadinta.

Tufafi ba su da wuya. Talakan jirgi wando mai faɗi yake sawa wanda ya tsaya ƙasa da gwiwa, da taguwa, da ƙyalle a ka, kuma sau da yawa ba takalmi. Robats kaɗai za a ƙawata da jan yadi da jan gashin tsuntsu a hula, kamar yadda ya fito ranar da ya mutu. Ku sa shi ya karanta dokokin jirginsa da ƙarfi: kowa yana da ƙuri'a, a kashe fitilu ƙarfe takwas na dare, ba caca, kuma kyaftin kaso biyu kawai yake samu a ganima.

Batun makamai yana son hattara, saboda a jihar da ta sha fama da 'yan bindiga kalmar fashi ba ta tsaya a littafi ba. Takubba su zama na katako, igwa ta zama bututun roba da aka shafa wa baƙin fenti, a buga ganga a madadin ƙarar harbi, kada a kusanci albarushi. A sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda kafin ranar, kuma kada wani ya bi titi da shigar wasa. Saboda wannan dalilin ne kuma bai kamata a wanke Robats ba. A Wida, cikin ƙasar Benin ta yau, mutanensa sun cinna wa wani jirgi wuta alhali akwai bayi kimanin 80 ɗaure a ciki, kuma baƙaƙen fata da dama da aka kama a jiragensa sayar da su aka yi. A sa wannan a bakin shaida a fitowar ƙarshe, wato zaman shari'ar Kef Kos, inda tebur ɗaya da kujerar alƙali sun isa, a karanta hukunci, sannan yaron nan ya buga ƙararrawa takwas a sauke yadin.