Yadda Za Ki Rubuta Sharhin Littafin Soyayya Da Zai Yi Amfani

Yawancin abin da masu karatu ke aika wa marubuciya bai wuce "ya yi daɗi, Allah ya ƙara basira" ba. Addu'a ce mai kyau, amma ba ta nuna mata inda ta dace da inda ta kauce ba, ba ta kuma taimaki wadda ke shawarar biyan kuɗin littafin ba. A shekarun 1990 masana irin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu ne suka yi ta muhawara a jaridu kan Adabin Kasuwar Kano, wato littattafan labarai, galibi na soyayya, da ake sayarwa a kasuwa. Yau da littafi ke fita shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, bakin mai karatu ne ke juya akalar labari, don haka ya kamata ya iya magana.

Aikin yana farawa tun lokacin karatu. Ki ajiye takarda kusa, duk inda kika tsaya da mamaki ko kika ji gundura, ki rubuta lambar shafin. Wurare biyar zuwa shida sun isa. In ba ki kai ƙarshe ba, ki faɗi inda kika tsaya.

Abu mafi nauyi shi ne dalilin soyayyar. Me ya sa jaruma ta faɗa son wannan mutumin? In amsar ba ta wuce kyau da mota da gida a Abuja ba, to nan ginin ya yi rauni, kuma shi ya sa tsakiyar littafi ke cika da kwalliya da girke-girke. Ki duba kuma sauyin hali. Mijin da ya shafe shafi tamanin yana wulaƙanta matarsa ba zai zama na kirki don zazzaɓin kwana biyu ba, sai an nuna abin da ya karya masa zuciya. Haka kishiya ko uwar miji da aka zana da mugunta zalla, ba a faɗi abin da take tsoron rasawa ba. Ki ambaci shafin, ki ce ga abin da ya yi saura.

Sai lissafin lokaci, inda ake yawan tuntuɓe saboda ana rubutu kullum ba tare da waiwaye ba. Takaba wata huɗu ne da kwana goma, mai ciki kuwa iddarta sai ta haihu. In an ɗaura wa bazawara aure mako uku bayan saki, ko yaron da aka haifa bara ya shiga firamare bana, ki nuna. Haka tsarin biki: lefe, kamu, ɗaurin aure, kai amarya, buɗar kai. Na Kano ba daidai yake da na Sakkwato ko Damagaram ba, kada ki kira al'adar wani gari kuskure.

A ɓangaren rubutu ki taƙaita. Misali biyu sun wadatar: haɗe "ya ce" wuri guda, ko barin ƙugiya har "ɓata" ta koma "bata".

Kuskure biyu ke lalata sharhi. Na farko, zagin marubuciya saboda halin wanda ta ƙirƙira. Wadda ta rubuta auren dole ba goyon bayansa take ba. Wannan matsin ne ke sa wasu su kashe kishiya da haɗarin mota don a bar su su huta, labari ya lalace. Na biyu, tona ƙarshen labari. Ki tsaya a kashi ɗaya cikin uku na farko, sauran ki yi ishara kawai.

Kalma 150 zuwa 200 sun isa: jimla biyu kan jigo, abu biyu da suka yi armashi, biyu da ke neman gyara. Ki faɗi kuma wa littafin ya dace da shi, domin wanda ya shiga sirrin ɗakin aure ba na 'yar sakandare ba ne. Gyaran da ya shafi addini ko batsa, ki fara tura wa marubuciyar ita kaɗai kafin ki faɗa a bainar jama'a.