Sauron Dengue Daban, Na Maleriya Daban: Kurakuran Da Aka Fi Yi

Tun da hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, ta tabbatar da ɓullar zazzaɓin dengue a Sakkwato a watan Nuwamban 2023, shekarar da ya addabi Burkina Faso kuma ya bayyana a Abeche ta ƙasar Chadi, shawarar da aka fi ji ita ce a shiga gidan sauro, a kuma yashe kwata. Shawara ce mai kyau, sai dai maganin wani sauron ce daban.

Babban kuskuren shi ne ɗaukar cewa sauro duk ɗaya ne. Anofilis mai kawo maleriya ba ya yaɗa dengue. Haka ma Kuleks, mai kukan nan a kunne da dare, wanda ke ƙyanƙyasa a ruwan kwata. Ko sun sha jinin mai cutar, ba ta wucewa ta jikinsu zuwa wani mutum. Kafin sauro ya iya yaɗa ta, dole ƙwayar cutar ta kama bangon cikinsa, ta hayayyafa, ta ratsa jikinsa har ta kai inda yake haɗa yawu, kuma a yanayin ɗumi wannan tafiya kan ci kwana 8 zuwa 12. Dangin sauron Edis (Aedes) ne ke ba ta hanya. Daga ranar da ta isa yawunsa, sauron zai yi ta rabon cuta har ya mutu. Gane shi ba wuya: ƙarami ne, baƙi, da zanen fari a ƙafafu.

Su ma Edis ɗin ba ƙarfinsu ɗaya ba. Aedes aegypti ne uban tafiya, ba don cikinsa kaɗai ba, har da halinsa. Jinin mutum ya fi so, a cikin gida yake fakewa, kuma da zarar an motsa sai macen ta tashi ta koma kan wani, ta yadda kafin ta ƙoshi ta taɓa mutum biyu ko uku a tsakar gida guda. Aedes albopictus, wanda ya fito daga kudu maso gabashin Asiya ya bazu a duniya cikin tsofaffin tayoyi, aka kuma fara ganinsa a jihar Delta a 1991, yana raba cizonsa tsakanin mutane da dabbobi, shi ya sa ake sa shi a matsayi na biyu. Amma raina shi ma kuskure ne. Shi ya yaɗa dengue da cikungunya (zazzaɓi mai sa ciwon gaɓoɓi) a Libreville ta Gabon a 2007, kuma ƙwansa na jure sanyi, abin da ya ba shi wurin zama a Italiya da kudancin Faransa.

Akwai masu cewa rani na kashe sauro, don haka arewa ba ta da damuwa. Wani bincike da aka wallafa a 2020 ya nuna akasin haka: a yankin Sahel mai dogon rani, aegypti ya fi 'yan uwansa na kurmi kwaɗayin jinin mutum, domin ba shi da wurin zuba ƙwai sai ruwan da mutane suka ajiye. Wato randa, ganga, tanki, kaskon ruwan kaji, da tayoyin da ke jibge a wurin mai faci.

A nan ne mai tsafta ma ke yin kuskure. Uwargida ta zubar da ruwan randa ta sake cikawa, tana ganin ta gama. Alhali macen ba a kan ruwa take zuba ƙwai ba, a jikin randar take manna su, ɗan sama da inda ruwa ya tsaya, kuma suna iya yin watanni a bushe su ƙyanƙyashe da zarar ruwa ya taɓa su. Gyaran shi ne a sa soso a goge cikin mazubin duk mako, a rufe da murfin da ya zauna daram, a kife duk abin da ba a amfani da shi. Wannan sauron ba ya nisa, yawanci bai fi mita ɗari zuwa ɗari huɗu ba, don haka wanda ya cije ka ɗan unguwa ne, kuma sai an haɗa da maƙwabta aikin zai yi tasiri.

Batun lokaci kuwa, da safe zuwa hantsi da kuma bayan la'asar ya fi cizo. Gidan sauro na amfani ga jariri da mai barcin rana, musamman ga wanda ya riga ya kamu, don kada sauron gidan ya ɗauka daga jikinsa. Sauran jama'a sai raga a taga, doguwar riga da maganin shafawa.

Sannan duk zazzaɓin da gwajin maleriya bai nuna komai ba, kada a wuce kemis a karɓo asfirin ko ibuprofen, domin suna ƙara haɗarin zubar jini. Farasitamol da yawan shan ruwa, sai asibiti. Ƙwayar cutar iri huɗu ce, kuma kamuwa ta biyu da wani irin daban ta fi hatsari. Idan zazzaɓi ya sauka amma ciwon ciki mai tsanani, yawan amai, haɓo ko jini a dasashi suka biyo baya, a kai mara lafiya asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.