Kurakuran da aka fi yi wajen duba majinyaci da yi masa bayanin magani

A ƙananan asibitocin Zamfara, inda ma'aikacin jinya ɗaya kan duba layin mutane tun safe har azahar, yawancin kurakurai gaggawa ce ke haifar da su. Ɗaya daga cikinsu shi ne rubuta adadin numfashi da ka, ba tare da an ƙirga ba. A yaro wannan ganganci ne, domin saurin numfashi shi ne alamar farko ta ciwon huhu. A ɗaga rigar yaron, a jira ya yi shiru, a ƙirga minti ɗaya cur da agogo. Jaririn da bai kai wata 2 ba, numfashi 60 ko fiye ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa shekara 1 iyakar ita ce 50. Daga shekara 1 zuwa 5 kuma 40. Ƙirga na daƙiƙa 15 a ninka sau huɗu ba ya yi wa jariri, saboda numfashinsa yakan yi sauri ya tsagaita. A kuma dubi ƙasan haƙarƙari: in yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, lamarin ya yi tsanani.

Awon hawan jini ma haka. Mutum ya sauko daga babur cikin rana, nan take a ɗaura masa na'ura bisa hannun riga, ana magana da shi. Adadin da zai fito ba nasa ba ne. Ya zauna minti 5, ƙafafu a ƙasa, damtse tsirara daidai da ƙirji. Maɗauri ƙarami a babban damtse yana ƙara adadi, sai a ɗora wa mai lafiya maganin hawan jini. Mai cikin da ta wuce mako 20, awonta ya kai 140/90, ga ciwon kai ko gani dishi-dishi, ba a sallamarta da farasitamol. Jijjiga na iya biyowa baya, a kira likita ko a tura ta babban asibiti.

Ba kowane zafin jiki ne zazzaɓin cizon sauro ba, a yi gwajin yatsa kafin a ba da magani. Nan ne tambayar sana'ar gida ke da amfani ƙwarai. A 2010 gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa dutsen zinariya cikin gidaje. Yaron da ya zo daga yankin haƙar ma'adinai da suma, amai ko jijjiga, a tambayi iyayensa ko ana daka dutse kusa da inda yake wasa, ko da gwajin zazzaɓi ya nuna yana da shi. Mai jego kuma da ta zo da kumburin ƙafa da haki, a tambaye ta kunun kanwa nawa take sha a rana, domin kanwa na da gishiri mai yawa da ke tara ruwa a jiki ya wahalar da zuciya. Tambayar ta zama cikin ladabi: "Hajiya, wane taimako aka yi a gida kafin ku zo?" In aka yi ta da faɗa, amsar ita ce "babu", alhali an sha jiƙo.

Tamowa ba a gane ta da ido. Tef ɗin awon damtse ga yaro ɗan wata 6 zuwa 59, ƙasa da santimita 11.5 ja ne, wato tamowa mai tsanani. A danna bayan ƙafafu biyu na daƙiƙa 3, in rami ya zauna akwai kumburi.

Ɓangaren bayanin magani ya fi damun mu, domin a gida ake shan magani, inda babu ma'aikaci. "Sau uku a rana" ba bayani ba ne. Wata uwa za ta ba da duka ukun tsakanin hantsi da la'asar. A ɗaura shi da lokutan da kowa ya sani: bayan sallar asuba, bayan azahar, sai lokacin kwanciya, wanda ya yi kusa da tazarar awa 8. "Cokali ɗaya" ma tarko ne, tunda cokalin shayi da na cin shinkafa ba girmansu ɗaya ba. A ba da sirinji marar allura ko murfin awo, a nuna layin mililita 5 da yatsa.

Coartem, maganin zazzaɓin cizon sauro, sau 6 ake sha cikin kwana 3. Na biyu bayan awa 8 da na farko, sauran safe da dare. Nauyi ke yanke yawan ƙwaya: kilo 5 zuwa 14 ƙwaya 1, 15 zuwa 24 ƙwaya 2, 25 zuwa 34 ƙwaya 3, daga 35 ƙwaya 4, in ƙaramar ƙwayar ce mai miligiram 20/120. Don haka a ɗora yaro kan sikeli, kada a kintata da shekaru. A sha da nono, madara ko abinci mai maiƙo, don haka ne hanji ke tsotse shi sosai. In yaro ya amayar cikin rabin awa, a maimaita. Abin da aka fi mantawa a faɗa shi ne kada a tsaya don jiki ya yi sanyi rana ta biyu, a ajiye sauran wa ƙanensa.

Garin ORS, wato gishiri da sukari na masu gudawa, na lita 1 yana buƙatar ruwa leda biyu masu santilita 50, amma a duba jikin fakitin tukuna. Ƙarancin ruwa yana sa gishirin ya yi ƙarfi ya cutar da yaro. Abin da ya kwana awa 24 a zubar. Zinki kuma miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga wanda bai kai wata 6 ba, ko da gudawar ta tsaya.

A gargaɗi mutum tun kafin ya tsorata: ƙwayar ƙarin jini tana baƙanta bayan gida, maganin tarin fuka yana mayar da fitsari ja-ja, kuma wata 6 ake shansa. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan ƙwaya ya zo kafin azumi a gyara masa lokuta.

Sai kuskuren tambayar "kin gane?" Kunya za ta sa ta ce eh. Maimakon haka a miƙa mata kwalbar a ce, "Mama, nuna mini yadda za ki ba shi in kun koma gida." In mai gida ne ko kaka za su riƙe maganin, a kira su ciki a yi bayanin a gabansu, a zana ɗigo a jikin leda daidai da yawan ƙwayar kowane lokaci.