Muryar ƙaninka ce, amma ba shi ba ne: kurakuran da 'yan damfarar zamani ke cin kasuwa da su

Kuskuren da ya fi kowanne shi ne gaskata kunne. Waya ta yi ƙara bayan isha'i, ka ɗauka, muryar ƙaninka sak, har da yadda yake jan sunanka. "Yaya, mun yi haɗari wajen Kwanar Dangora, wayata ta fashe, ta wani na ara. Turo dubu tamanin a wannan asusun, likita na jira." Kafin ka gama salati, yatsa ya kai kan manhajar banki.

Da ƙirƙirarriyar basira (AI), wato fasahar kwamfuta mai kwaikwayon ɗan Adam, guntun saƙon muryar da ya tura a zauren WhatsApp na 'yan ajinsu, ko bidiyonsa na TikTok, ya isa a kwaikwaye shi. Gyaran ba wuya gare shi, nauyi ne kawai: katse kiran, ka nemi lambarsa da ka sani. In ba ta shiga ba, kira matarsa ko maƙwabcinsa. Kunya ce ke cutar da mu a nan, wai kada a ce ka ƙi yarda da ɗan'uwa cikin tashin hankali. To, jefa wa mai kiran tambayar da ba ta intanet: "Wa ya fiɗe mana ragon Inna da layyar bara?" Ɗan damfara zai fara kame-kame yana cewa ba lokaci.

Sai masu cewa "ai ido na gani". A farkon 2024, wani ma'aikacin kamfanin Arup a Hong Kong ya tura kusan dala miliyan 25 bayan taron bidiyo da shugaban kuɗin kamfanin da wasu abokan aikinsa. Duk fuskokin na bogi ne. Mu ma nan an sha yaɗa bidiyon Aliko Dangote a Facebook yana tallar zuba jarin da bai san da shi ba. A da ana gane su ta leɓen da bai bin magana, amma kada ka dogara da wannan, kullum ƙara gogewa suke yi.

Akwai kuma masu jin an ambaci AI su saki jiki. CBEX, wata manhajar zuba jari ta intanet, ta ce na'ura ce ke juya kuɗin, za ta ninka su cikin kwana 30. A Afrilun 2025 ta rufe da kuɗin jama'a, ba ta kuwa da rajista da hukumar SEC mai sa ido kan harkar zuba jari a Najeriya. Duba rajista tukuna.

Lambar OTP, wato lambar sirrin da banki ke turo maka don tabbatar da ciniki, ko lambobi shida da WhatsApp ke turowa, ba a karanta wa kowa, ko da muryar mahaifi aka nema.

In kuwa an riga an damfare ka, kada ka yi shiru don gudun dariya. Kira bankinka nan take su bi sawun kuɗin, ɗauki hoton rasit da lambar da ta kira, kai wa 'yan sanda ko EFCC, sannan ka sanar a zauren dangi, domin wataƙila Gwaggo za a kira gobe.